Ƙasar Buri da Ƙuncin Talaka a Ƙagaggun Labaran Afirka

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya karanta ƙagaggun labaran da 'yan Afirka suka rubuta daga shekarun 1950 zuwa na 1980 zai lura da cewa jigogi biyu ne suka fi yawan kai da komowa a cikinsu. Na farko shi ne talauci da kuma tazarar da ke tsakanin masu hannu da shuni da talakawa. Na biyu kuwa shi ne begen samun wata al'umma ta daban, wadda za a zauna a cikinta bisa adalci, kowa ya ci guminsa, babu mai taka wani. Manazarta sun saba ɗaukar jigon farko su yi ta warwararsa, su bar na biyun a matsayin romon baka, wato mafarkin da marubuci yake liƙawa a ƙarshen labari domin ya sanyaya zuciyar mai karatu.

Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa jigogin nan biyu tamkar Ɗanjuma ne da Ɗanjummai. Marubuci ba zai iya cewa halin da mutanensa suke ciki mummuna ne ba sai yana da ma'aunin da zai auna shi, ma'aunin kuwa shi ne al'ummar da yake buri. Saboda haka za a fara da bayanin ma'anar wannan buri da asalinsa a adabin duniya, sannan a dubi yadda aka siffanta talauci, da hanyoyin da marubuta daga Tanzaniya da Botswana da Senigal da Kenya suka bi wajen zana al'ummar da suke fata. Daga nan sai a waiwayi labaran Hausa, a kuma rufe da matsalar harshe, wadda ita ce ta fi shafar masu nazarin harsunan Nijeriya.

2.0 Ma'anar Ƙasar Buri

Kalmar da Turawa suke amfani da ita a wannan fage ita ce yutofiya. Ta samo asali ne daga littafin da Thomas More, wani malamin shari'a ɗan Ingila, ya rubuta da Latinanci aka buga a 1516. Ya ƙera kalmar ne daga kalmomin Girkanci biyu masu ma'anar "babu wuri", wato ƙasar da ba ta nan a ko'ina a bayan ƙasa. Tun kafin More, Aflatun ya tsara irin jamhuriyar da yake ganin ta fi dacewa, haka kuma Alfarabi, wanda ya rasu a 950, ya yi littafi a kan Madinatul Fadila, wato birnin nagarta. A wannan maƙala an zaɓi a kira abin da "ƙasar buri", domin kalmar buri ta haɗa abu biyu: abin da rai yake so ƙwarai, da kuma sanin cewa bai zo hannu ba tukuna.

Akwai abubuwa biyu a littafin More da ya kamata a riƙe. Na farko, kafin ya kai mai karatu tsibirin da ya ƙaga, sai da ya bayyana halin da talakan Ingila yake ciki a zamaninsa, inda masu ƙasa suke korar manoma daga gonaki domin su yi kiwon tumaki saboda ribar ulu, waɗanda aka kora kuma su koma bara da sata, a kama su a rataye. Ke nan tun daga tushe, talauci ne ya haifi ƙasar buri. Tsibirin nasa yana da birane 54, ba a mallakar dukiya ta ƙashin kai, ana aikin awa 6 ne kawai a yini, zinariya kuma an wulaƙanta ta har da ita ake ƙera sarƙar ɗaure masu laifi.

Abu na biyu shi ne, a wannan tsibiri akwai bayi, kuma idan jama'a ta yi yawa sukan ƙetara ƙasar maƙwabta su mamaye filayen da suka ga ba a nomawa, in masu wurin sun ƙi su yaƙe su. Wannan hujja ce irin wadda 'yan mulkin mallaka suka kafa daga baya a Kenya da Rodeshiya da Afirka ta Kudu. Don haka marubucin Afirka ba zai iya ɗaukar tsarin More kai tsaye ba, domin a cikin wancan mafarki shi ne maƙwabcin da ake ƙwace wa ƙasa. Dole ne ya gina nasa burin a kan wani harsashi dabam.

3.0 Siffar Talauci a Labaran

Abin da ya haɗa kan mafi yawan waɗannan marubuta shi ne sun ƙi yarda da cewa talauci ƙaddara ce kawai da take faɗa wa mutum kamar fari ko ambaliya. A wurinsu ruwa ba ya tsami banza: idan wani ya kwana da yunwa, to akwai wanda ya ci rabonsa, kuma aikin labari ne ya nuna hannun da ya ɗauka.

A littafin Ayi Kwei Armah na Ghana mai suna The Beautyful Ones Are Not Yet Born (1968), tauraron labarin ma'aikacin jirgin ƙasa ne wanda marubucin bai ko ba shi suna ba. Ya ƙi karɓar cin hanci, sai matarsa da surukarsa suka ɗauke shi wawa, suna gwada shi da abokin karatunsa Koomson wanda ya zama minista yana fantamawa. Da sojoji suka hamɓarar da gwamnatin Kwame Nkrumah a 1966, sai ga ministan nan ya gudo gidan talakan yana neman mafaka, har ta kai ya tsere ta ramin masai. To amma labarin bai nuna cewa juyin mulkin ya gyara kome ba, domin a ƙarshensa ga ɗan sanda nan yana karɓar na goro daga hannun direba kamar yadda aka saba. Burin da ya rage shi ne wanda sunan littafin ya ɗauka, wato nagartattun da za su gyara ƙasa ba a haife su ba tukuna.

A Nijeriya kuwa Festus Iyayi ya fito da Violence a 1979. Tauraronsa Idemudia lebura ne a birnin Benin wanda yunwa ta sa yake sayar da jinin jikinsa. Ya yi dakon buhunan siminti a cikin ruwan sama domin wata attajira, Queen, har ciwo ya kwantar da shi a asibiti, matarsa Adisa kuma ta rasa kuɗin magani sai da ta ba da kanta ga Obofun, mijin attajirar. Hikimar littafin tana ga yadda ya juya ma'anar kalmar da ya ɗauka a matsayin suna. A al'ada idan an ce ta'adi ko tashin hankali, ana nufin ɗan fashi da makaminsa. Iyayi ya nuna cewa hana mutum abinci da magani da aikin yi shi ne babban ta'adi, sauran duk 'ya'yansa ne. Da zarar an karɓi wannan ma'ana, to an riga an yarda cewa akwai wata irin zamantakewa da ta fi wannan, kuma hana ta samuwa laifi ne da wasu suke aikatawa.

4.0 Hanyoyin Zana Ƙasar Buri

4.1 Ƙasar da Aka Ƙaga

Wanda ya fi kusa da tsarin More shi ne Shaaban Robert (1909–1962), uban adabin Swahili na zamani, wanda ya yi aiki a ƙarƙashin gwamnatin mulkin mallaka ta Tanganyika. A littafinsa Kusadikika (1951) ya ƙaga wata ƙasa da take shawagi a sararin sama. Sai dai ita wannan ƙasa ba ita ce ta buri ba, ƙasa ce ta zalunci inda ake yanke wa mutum hukunci ba tare da an saurare shi ba. Waziri Majivuno ya gurfanar da wani mutum mai suna Karama bisa laifin ƙoƙarin koyar da ilmin shari'a. Karama ya roƙi a ba shi dama ya kare kansa, ya kuma yi amfani da kwanakin shari'ar wajen ba da labarin jakadu shida da ƙasar ta taɓa aikawa zuwa sassa dabam-dabam. Kowane jakada ya komo da labarin kyakkyawan tsarin da ya gano a wajen maƙwabta, kowanne kuma sakamakonsa kurkuku. A ƙarshe sarki ya gamsu, Karama ya kuɓuta.

Dabarar a nan ita ce kaikaitawa. Ma'aikacin gwamnatin mallaka ba shi da ikon ya fito fili ya soki masu mulki, saboda haka ya ɗauke ƙasarsa ya rataye ta a sama, ya bar mai karatu ya gane da kansa. Abin lura kuma shi ne gyaran yana zuwa ne daga sama, ta hanyar sarki mai sauraron hujja. Talakawa a wannan labari 'yan kallo ne. Wannan shi ne abin da marubutan da suka biyo baya suka sauya.

4.2 Ƙauyen Gama Kai

Bessie Head ta bar Afirka ta Kudu a 1964 saboda mulkin wariyar launin fata, ta zauna a Serowe ta ƙasar Botswana a matsayin 'yar gudun hijira, ta kuma rasu a can a 1986. Littafinta na farko, When Rain Clouds Gather (1968), ya sauko da ƙasar buri daga sama ya ajiye ta a wani ƙauye mai suna Golema Mmidi, wanda mazaunansa baƙi ne da wahala ta koro daga wurare dabam-dabam. Makhaya, ɗan gudun hijira, ya haɗu da Gilbert, wani Bature masanin aikin gona, suka himmatu wajen kafa ƙungiyar gama kai ta sayar da shanu, da shinge makiyaya, da koya wa mata noman taba domin su sami kuɗin kansu a ƙarƙashin jagorancin wata mata, Paulina Sebeso.

Burin da ke cikin wannan labari ƙarami ne idan aka gwada shi da na More: rijiya, da shinge, da rumfar shanya taba, da farashi mai kyau ga mai saniya. Amma ko wannan ɗan abin bai samu cikin sauƙi ba. Basarake Matenge, wanda arzikinsa ya dogara ga sayen shanun talakawa da araha, ya tsaya kai da fata sai ya rusa shirin. Fari ya zo ya kashe dabbobi, ɗan Paulina ya mutu shi kaɗai a rugar kiwo. Da Matenge ya kira uwar yaron domin ya tuhume ta, sai mutanen ƙauyen kaf suka bi ta suka zauna a ƙofar gidansa, ba su ɗaga sanda ba, ba su yi zagi ba. Ganin haka ya rataye kansa. Darasin da Head ta gina a nan shi ne ikon azzalumi yana rayuwa ne a kan rarrabuwar waɗanda yake zalunta, kuma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

4.3 Yajin Aiki

Marubuta biyu 'yan Senigal sun ɗauki yajin aiki a matsayin ƙofar shiga ƙasar buri. Sembène Ousmane (1923–2007) ya gina Les bouts de bois de Dieu (1960) a kan yajin aikin da ma'aikatan jirgin ƙasa na layin Dakar zuwa kogin Neja suka yi daga Oktoba 1947 zuwa Maris 1948, suna neman a daidaita su da ma'aikata Faransawa wajen albashi da kuɗin iyali da fansho. Labarin yana zagayawa tsakanin Bamako da Thiès da Dakar. Da hukuma ta toshe ruwan famfo, 'yan kasuwa kuma suka daina ba da bashi, sai nauyin ciyar da gida ya koma kan mata. Ramatoulaye ta yanka ragon ɗan'uwanta attajiri, mai goyon bayan Turawa, bayan ragon ya cinye ɗan abincin da ya rage wa yara, ta raba naman ga maƙwabta. Penda, wadda a da ake ƙyama saboda zaman kanta, ita ce ta jagoranci mata suka taka da ƙafa daga Thiès zuwa Dakar, a ƙofar birnin kuma aka harbe ta.

A cikin watannin yajin aikin, wata sabuwar al'umma ta ɓullo: mace tana magana a taron maza, ma'aikata suna yi wa wanda ya karya yajin shari'a da kansu maimakon duka, makauniya Maïmouna tana da matsayi kamar kowa. Masanin tarihi Frederick Cooper, wanda ya yi nazarin wannan yajin aiki, ya nuna cewa tattakin matan zuwa Dakar ƙagen marubucin ne. Wannan bai rage darajar littafin ba. Hasali ma a nan ne ake ganin inda tarihi ya tsaya buri ya ɗauka, domin abin da Sembène ya ƙara shi ne abin da yake so al'ummarsa ta zama bayan samun 'yancin kai, wanda ya zo a shekarar da littafin ya fito.

Aminata Sow Fall kuwa ta kai maganar ga waɗanda suke can ƙasan tsani. A La Grève des bàttu (1979), wanda ya ci babbar kyautar adabin Baƙar Afirka a 1980, mabarata ne suka yi yaji. Kalmar bàttu a harshen Wolof tana nufin ƙoƙon bara. Mour Ndiaye, shugaban hukumar tsabtace birni, ya sa mataimakinsa Kéba Dabo ya kori mabarata daga tituna domin kada su ɓata wa 'yan yawon buɗe ido rai. Bayan duka da mutuwar wasu daga cikinsu, sai suka tattara a gidan wata mata, Salla Niang, a bayan gari, suka ce ba su ƙara fita. Mai son ba da sadaka ya zo ya same su. Ana nan sai wani malamin duba ya gaya wa Mour cewa zai zama mataimakin shugaban ƙasa idan ya yanka bijimi ya kasa naman kashi 77 ya raba wa mabarata a wuraren da suka saba zama a cikin birni. Ya je ya roƙe su su koma ko na yini ɗaya, suka karɓi kuɗinsa, suka ƙi motsawa, muƙamin kuma ya faɗa hannun wani.

Wannan labari ba baƙo ba ne ga mai karatu a Kano ko Sakkwato ko Damagaram, inda sadaka da bara suke da irin wannan matsayi a zamantakewa. Abin da Sow Fall ta tono shi ne mai bayarwa yana bukatar mai karɓa kamar yadda mai karɓa yake bukatarsa, domin yana neman lada ko biyan bukata ta hannunsa. Sai dai akwai iyaka ga nasarar mabaratan: sun ƙwato mutuncinsu, amma har labarin ya ƙare mabarata ne. Tsarin da ya haifar da bara yana nan daram.

4.4 Burin da Aka Ƙwace

Ngũgĩ wa Thiong'o (1938–2025) ya nuna abin da yake faruwa idan ci gaban da ake bege ya iso, amma a hannun wasu. A Petals of Blood (1977), fari ya addabi ƙauyen Ilmorog, sai mutanensa suka ɗunguma da ƙafa da amalanken jaki zuwa Nairobi domin su kai kuka ga ɗan majalisarsu. A kan hanyar nan ne suka ɗanɗani zaman haɗin kai, suna raba ɗan abin da suke da shi, tsohuwa Nyakinyua tana ba su tarihin kakanninsu. Bayan haka aka kawo babbar hanyar mota, banki ya zo, aka ba manoma rance, da suka kasa biya aka yi gwanjon gonakinsu, ciki har da ta Nyakinyua. Abin shan gargajiya da ta koya musu haɗawa, theng'eta, ya koma hajar wani babban kamfani mallakar attajirai uku, Chui da Kimeria da Mzigo. Abdulla, wanda ya rasa ƙafarsa a yaƙin Mau Mau, ya ƙare yana tallar lemo a bakin titi. Ilmorog ta zama birni, amma mutanenta na asali sun koma unguwar marasa galihu.

A Tanzaniya kuwa gwamnati ce da kanta ta ɗauki ƙasar buri a matsayin manufa. Sanarwar Arusha ta 1967 ta kafa tsarin Ujamaa na Julius Nyerere, daga 1973 kuma aka tilasta wa mutanen karkara komawa ƙauyukan da aka tsara, aka kwashe miliyoyin mutane cikin 'yan shekaru. Euphrase Kezilahabi ya rubuta Gamba la Nyoka (1979) da Swahili, inda ya nuna matasa masu ɗokin aƙida suna tayar da tsofaffi daga gidajensu da ƙarfin tsiya da sunan gina musu rayuwa mai kyau. Littafin ya tayar da tambayar da duk mai nazarin wannan jigo zai ci karo da ita: idan aka tilasta wa talaka shiga aljannar da wani ya zana masa, shin sunanta aljanna har yanzu?

5.0 Waiwaye ga Labaran Hausa

Littattafan da suka fito daga gasar da Rupert East ya shirya a 1933, irin su Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara, suna cike da tafiye-tafiye zuwa ƙasashe masu ban al'ajabi. Amma burin da ke cikinsu na mutum ɗaya ne: tauraro ya fita, ya sha gwagwarmaya, ya komo da ɗaukaka. Ba a tambayar dalilin da ya sa sarki yake sarki talaka yake talaka.

Tambayar ta fara shigowa ne ta ƙofar siyasa da waƙa. Jam'iyyar NEPU da aka kafa a Kano a 1950 ta ɗauki kalmar sawaba ta mayar da ita taken gwagwarmayar talakawa, har kalmar ta ɗauki nauyin da ya zarce ma'anarta ta sauƙi da samun sa'ida, ta koma sunan wata rayuwa da ake jira. A fagen zube sai a ƙarshen shekarun 1970 da farkon na 1980 abin ya bayyana sosai. Kitsen Rogo na Abdulƙadir Ɗangambo ya bi sawun saurayin da ya bar ƙauye ya tafi birni neman arziki ya faɗa cikin miyagun abokai. A nan birni ne ƙasar burin ƙarya, kamar yadda sunan littafin ya nuna. Sulaiman Ibrahim Katsina ya fito da Turmin Danya (1982) a kan attajirin da ya yi dukiya ta fasa-ƙwauri, sannan Tura Ta Kai Bango (1983) a kan siyasa da yunƙurin talakawa na ƙwatar kansu. Waɗannan littattafai sun fito ne a zamani ɗaya da na Iyayi da Ngũgĩ da Sow Fall, suna kuma magana a kan cuta iri ɗaya, amma da wuya a ga an jera su tare a nazari, saboda an saba ware adabin harsunan gida a wani ɗaki, na Ingilishi da Faransanci a wani.

6.0 Matsalar Harshe

Da dama daga cikin littattafan da aka ambata an rubuta su ne da Ingilishi ko Faransanci, wato harsunan da lebura irin Idemudia ko mabaraci mai ƙoƙo ba zai iya karantawa ba. Ke nan an zana wa talaka ƙasar buri, an kuma rubuta kwatancen hanyarta da harshen da ba ya ji. Marubutan da kansu sun farga da wannan. Sembène ya karkata ga shirin fim saboda ya isa ga waɗanda ba su yi boko ba, ya kuma fitar da Mandabi da harshen Wolof a 1968.

Abin da ya sami Ngũgĩ ya fi kowane misali fito da maganar fili. Petals of Blood, duk da zafin sukar da ke cikinsa, ministan gwamnati ne, Mwai Kibaki, ya ƙaddamar da shi a Nairobi a 1977. A cikin shekarar nan Ngũgĩ da Ngũgĩ wa Mĩriĩ suka shirya wasan kwaikwayo da harshen Gikuyu, Ngaahika Ndeenda, wanda manoma da ma'aikatan ƙauyen Kamĩrĩĩthũ suka yi da kansu. Gwamnati ta hana wasan, ta tsare shi a kurkukun Kamiti daga Disamba 1977 zuwa Disamba 1978 ba tare da shari'a ba. A can ne ya rubuta Caitaani Mũtharaba-inĩ a kan takardar bayan gida, littafin da ya fito a 1980 aka riƙa karanta shi a bayyane a gidaje da mashaya domin waɗanda ba su iya karatu ba. Bayan fitowar Matigari a 1986, labarin wani mutum mai yawo yana neman gaskiya da adalci ya bazu a bakin jama'a har 'yan sanda suka shiga nemansa. Da suka gane tauraron littafi ne, sai suka kwashe littafin daga kantuna a 1987. Saƙon bai sauya ba tsakanin littafin Ingilishi da na Gikuyu. Masu sauraro ne suka sauya, kuma wannan ne ya tayar wa hukuma hankali.

Wannan yana ɗora wa masu nazarin harsunan Nijeriya nauyi iri biyu. Na farko shi ne fassara, musamman daga wani harshen Afirka zuwa wani. An ga misalin yiwuwar haka a 2016, lokacin da ƙungiyar marubuta ta Jalada ta fitar da wani gajeren labarin Ngũgĩ, mai magana a kan haɗin kan gaɓoɓin jiki, a cikin harsuna fiye da 30, akasarinsu na Afirka. Labarin mabaratan Dakar zai zauna daram a bakin Bahaushe, domin kalmomin bara da sadaka da ƙoƙo da malamin duba duk suna nan, ba sai an yi dogon sharhi irin wanda mai karatun Faransanci yake bukata ba. Na biyu shi ne samar da kalmomin nazari. Muddin ɗalibi ba shi da kalmar da zai kira wannan jigo da ita a Hausa ko Yarbanci ko Ibo ko Fulfulde ko Kanuri, to zai ci gaba da ganinsa a littafin Bature kawai, ya wuce shi a littafin gida bai gane shi ba.

7.0 Kammalawa

An ga cewa ƙasar buri a ƙagaggun labaran Afirka ba kasafai take zama tsibiri mai nisa da aka gama ginawa ba. Takan bayyana ne na ɗan lokaci a tsakiyar wahala: a kan hanyar Thiès zuwa Dakar, a ƙofar gidan Matenge, a tsakar gidan Salla Niang, a tafiyar mutanen Ilmorog zuwa Nairobi. An kuma ga sauyi daga Shaaban Robert, wanda ya rataya gyara a wuyan sarki adali, zuwa marubutan bayansa da suka mayar da shi hannun mata da leburori da mabarata. Marubutan ba su ɓoye raunin burin nasu ba, domin sun nuna yadda 'yan jari-hujja suke saye shi, da yadda gwamnati take iya mayar da shi sanda. Abin da ya rage a gaban manazarta shi ne a jera Turmin Danya da Violence da Gamba la Nyoka a teburi ɗaya a yi musu nazarin kwatance, a kuma juyar da irin waɗannan littattafai zuwa harsunan mutanen da aka rubuta su a kansu.